Kogin Hood Na Amurka: Inda Aka Bi Sawun 'Ya'yan Kifi Har Jikoki

A can arewa maso yammacin ƙasar Amurka akwai wani babban kogi da ake kira Kolumbiya, wanda ya taso daga duwatsun Kanada, ya yi tafiyar fiye da mil 1,200 kafin ya zuba a tekun Fasifik. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar nan ta Kudancin Amurka ake nufi, suna ne kurum ya zo kusan ɗaya. A ƙarshen tafiyarsa kogin shi ne iyaka tsakanin Jihar Oregon da Jihar Washinton. Duk wanda ya fito daga birnin Portland ya nufi gabas, to, hanyar mota za ta bi da shi ta gefen ruwan ne, ta cikin wani makeken kwazazzabo da kogin ya haƙa a tsakanin duwatsu. Dama da hauni tsaunuka ne tsaye, itatuwa dogaye masu ganye kamar allura sun lulluɓe su, ga ruwa yana kwararowa daga ƙwanƙolinsu fari fat.

Bayan tafiyar kamar mil 40 sai matafiyi ya iske madatsar ruwa ta Bonneville, wadda aka gama ginawa a 1938. A gefenta an yi abin da ake kira tsanin kifi, watau jerin kududdufai na siminti hawa-hawa, waɗanda kifin da ya fito daga teku ke bi ɗaya bayan ɗaya har ya haye bisa madatsar. An kuma yi wani ɗaki a ƙasa mai tagogin gilashi, inda baƙi ke tsayawa suna kallon kifi yana wucewa dab da fuskarsu, ma'aikata kuwa suna ƙidaya shi a lokacin hawa. Baƙon da bai san kan abin ba zai ga kifi ne kawai, manya-manya, masu ƙyalli kamar azurfa. Amma ɗan gari wutsiya yake duba. Kusa da wutsiyar kifin salmon, ta sama, akwai wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka. In yana nan, galibi kifin a kogi aka haife shi. In babu shi, to, mutum ne ya yanke shi tun kifin yana ƙarami, don ya zama shaida cewa wannan daga gidan ƙyanƙyasa ya fito. Wanda ya yi haƙuri ya tsaya a tagar nan zai ga marasa fiffiken suna wucewa birjik, domin ana ƙiyasta cewa kusan huɗu cikin kowane biyar na kifin da ke komowa Kolumbiya 'yan kwami ne, ba 'yan kogi ba.

Da ba haka abin yake ba. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, kifin salmon da danginsa da ke hawa wannan kogi kowace shekara ya kai miliyan 10 zuwa 16. A 1866 aka buɗe masana'antar farko ta cusa kifi a gwangwani a bakin kogin, kafin a ce kwabo wasu sun biyo baya, har a 1883 aka kama fiye da laba miliyan 40 na wani iri guda kaɗai. Kifi ya fara ja da baya. Maimakon a rage kamu, sai aka ce ga dabara ta samu: a 1877 wani masani mai suna Livingston Stone ya kafa gidan ƙyanƙyasa na farko a yankin, a kan kogin Clackamas. Daga baya madatsun ruwa suka zo. Ta Grand Coulee, wadda aka gama a 1942, ba a yi mata tsanin kifi ba sam, ta toshe fiye da mil 1,000 na ruwan da kifi ke zuwa saka ƙwai. Kowace madatsa aka gina, sai a yi wa jama'a alkawarin gidan ƙyanƙyasa a madadin abin da ta hallaka. Lissafin mai sauƙi ne a takarda: kifi kifi ne, in kogi ya kasa haifarwa, kwami zai haifa.

An fi shekara ɗari ana wannan lissafi ba a gwada shi sosai ba. Kowa ya san ɗan kwami yana zuwa teku ya komo, yana shiga taru, yana kuma da daɗi a miya. Abin da ba a tabbatar ba shi ne: in an ƙyale shi ya hau kogi ya yi aure irin na kifi, shin zai bar 'ya'ya kamar yadda ɗan kogi ke bari? Amsa mafi ƙarfi da aka samu ta fito ne daga wani ƙaramin kogi da ke mil 20 gaba da Bonneville.

Sunansa Hood, kuma garin da ke bakinsa, inda ya haɗu da Kolumbiya, da sunan kogin ake kiransa. Ƙaramin gari ne mai tsabta, wanda ya jingina da gangaren tudu. Iska ba ta hutawa a wurin, domin kwazazzabon nan kamar zuga-zugi yake, shi ya sa da rani matasa ke tahowa daga nesa su cika ruwan da 'yan kwale-kwale masu filafilai iri-iri. Bayan gari kuwa, ta kudu, kwari ne mai ni'ima cike da gonakin tuffa da ceri da fiya irin ta Turai. A ƙarshen kwarin Dutsen Hood ne tsaye, tsohon dutse mai aman wuta, tsayinsa ya haura ƙafa 11,000, ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa rani da damina. Daga narkewar wannan ƙanƙara ne rassan kogin suke samun wani kaso na ruwansu, shi ya sa ruwan ke da sanyi ƙwarai, da rani kuma yakan yi fari-fari kamar an dama masa gari.

Kifin da ya sa sunan wannan kogi ya shiga littattafan masana shi ne sitilhed, watau mai kan ƙarfe, ɗan'uwan salmon ne na jini. Rayuwarsa abin mamaki ce. Da bazara macen takan zaɓi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu, ta kwanta ta gefe ta yi ta fyaɗa wutsiya har ta tona gurbi, ta zuba ƙwai dubbai, namiji yana gefe yana zuba maniyyi, sa'an nan ta mayar da tsakuwa ta rufe. Kafin a kai ga haka kuwa an sha gwagwarmaya, maza sun yi faɗa a kanta, ita ma ta yi zaɓe. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe sukan yi kamar shekara biyu a kogi suna farautar ƙwari, tsuntsaye da manyan kifaye su kuma suna farautarsu. Cikin ɗari, 'yan ƙalilan ne ke tsira. Waɗanda suka tsira jikinsu ya sāke, su gangara teku, su yi shekara ɗaya zuwa uku suna yawon dubban mil, kana su juyo, su bi ƙamshin ruwan da aka haife su a ciki har su iske shi.

A gidan ƙyanƙyasa duk an ɗauke wa kifi rabin farko na wannan wahala. Hanyar ba ta da wani bambanci mai yawa da wadda masu kiwon tarwada suka sani a ƙasar nan: a fid da ƙwan mace a roba, a zuba maniyyin namiji, a gauraya. Babu faɗa, babu zaɓe, ma'aikaci ne waliyyi. Sa'an nan a zuba 'ya'yan dubbai a dogayen kwamaye na siminti, a riƙa watsa musu abinci daga sama. Fiye da kashi 80 cikin 100 na iya rayuwa, kuma a shekara ɗaya tak an kai su girman da ɗan kogi ke shekara biyu kafin ya kai, sai a sake su su nufi teku.

To, kamar mil huɗu da rabi daga bakin kogin Hood akwai wata ƙaramar madatsa da ake kira Powerdale, wadda aka gina a 1923 don samar da wutar lantarki. Ba wata abin kallo ba ce, amma ta tare kogin gaba ɗaya, babu babban kifin da zai wuce sama sai ta tarkon da aka yi a jikinta. Tun daga 1991 ma'aikatan hukumar kula da kifi da namun daji ta Jihar Oregon suka riƙa ɗaukar kowane sitilhed da ya iso, su auna shi, su rubuta ko ɗan kogi ne ko ɗan kwami, su ɗebi ɗan ɓawon jikinsa ko ɗan guntun fiffike su adana, kana su sake shi ya wuce. Shekara da shekaru ana haka, har samfurin ya haura dubu goma. Aiki ne mai gajiyarwa, cikin ruwan sanyi, kuma da wuya waɗanda suka fara shi sun san irin darajar da zai yi.

Darajar ta bayyana ne da samfurin ya isa hannun Farfesa Michael Blouin na Jami'ar Jihar Oregon da ke Corvallis, shi da abokin aikinsa Hitoshi Araki, ɗan ƙasar Japan. Da yake kowane kifi yana ɗauke da rabin ƙwayoyin gado na uwarsa da rabin na ubansa, sai suka riƙa gwada na kowane kifin da ya komo daga teku da na waɗanda suka wuce madatsar shekarun baya, har su ce wannan ɗan wance ne da wane. Ta haka suka rubuta salsalar kifin kogi guda, kamar yadda maroƙi ke jero asalin gidan sarauta, sai dai nan babu ƙari babu ragi. Abin da suke ƙidayawa kuwa shi ne 'ya'yan da suka girma, suka je teku, suka komo, domin su ne ainihin ribar haihuwa.

Abin da suka fara gani bai ba kowa mamaki ba. Tsofaffin irin da aka daɗe ana juyawa a gidajen ƙyanƙyasa, waɗanda asalinsu ma daga wasu koguna aka kawo su, sun yi faɗuwar baƙar tasa. Wasu ba su bar ko rabin abin da ɗan kogi ke bari ba, wasu ma kusan kashi ɗaya cikin goma. Amma hukuma ta riga ta shirya wa wannan, domin tun farkon shekarun 1990 ta sake salo: a kamo iyaye 'yan kogin Hood ɗin kansu, a ƙyanƙyashe ƙwansu a kwami, a saki 'ya'yan. Waɗannan, da suka komo suka hayayyafa a kogi, sun bar kamar kashi 85 cikin 100 na abin da 'yan kogi suka bari. Da an tsaya nan da an ce madalla.

Sai dai akwai wani gwaji da ya samu ba da gangan ba. A wasu shekaru ma'aikata sun haɗa ɗan kogi da ɗan kogi, a wasu robobin kuma suka haɗa ɗan kogi da ɗan kwamin da ya komo daga teku. Duka 'ya'yan an rene su a wuri ɗaya, abinci ɗaya, an kuma sake su tare. Bambancinsu ɗaya ne rak, watau ɗayan iyayen kashi na biyu ya taɓa zaman kwami. Da suka komo suka hayayyafa a kogi, sai kashi na biyu ya bar kimanin kashi 55 cikin 100 kurum na abin da kashi na farko ya bari. A 2007 aka buga wannan a mujallar kimiyya ta Science, inda masanan suka haɗa shi da sakamakon wasu wurare suka ce ƙarfin haihuwa a kogi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100 a kowane zamanin da iri ya yi a kwami. Tun da reno ɗaya ne, ba za a ce rashin tarbiyya ba ne. Abin a jini yake.

Bayan shekara biyu, a 2009, suka bi sawun jikoki. Kifin da aka haifa a cikin tsakuwar kogi, bai taɓa ganin siminti ba, fiffikensa na nan daram, kowa ya gan shi zai rantse ɗan kogi ne, amma in uwarsa da ubansa duk 'yan kwami ne, kashi 37 cikin 100 kawai yake bari na abin da ɗan asalin kogi ke bari. In ɗaya ne daga iyayen, kashi 87. Kama da wane dai ba wane ba ce. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa masu kula da kifi hankali, domin ma'anarsa ita ce almakashin ma'aikaci ba ya nuna iyakar inda raunin ya tsaya.

Yaya hali zai sāke da sauri haka, alhali kowa ya san sauyin halitta abu ne na dubban shekaru? Wani masani a ɗakin binciken Blouin, Mark Christie, ya juya tambayar ta ɗaya gefen. A 2012 ya nuna cewa in a cikin kwami za a yi haihuwar, ɗan kwami yana barin kusan ninki biyu na abin da ɗan kogi ke bari. Bugu da ƙari, iyayen da 'ya'yansu suka fi bunƙasa a kwami, su ne 'ya'yansu suka fi kasawa a kogi. Ashe kifin ba lalacewa ya yi ba, ƙwarewa ya yi a kan wata sana'a dabam. Cikin dubban 'ya'yan da aka zuba, waɗanda suka jure cunkoso, suka yi rububin abincin da ke faɗowa daga sama ba tsoro, suka girma da sauri, su ne ke fita da girman da zai raya su a teku. Ragowar sukan tafi ba su komo ba. Watau kwami ma yana da nasa rariya, sai dai ba abin da kogi ke tacewa yake tacewa ba. Wannan bayani na cunkoso da saurin girma shi ne wanda masanan suka fi karkata gare shi. A 2016 kuma suka gwada ƙananan 'ya'yan kashi biyun, suka iske ƙwayoyin gado 723 suna aiki dabam, da yawansu masu alaƙa da warkar da rauni da garkuwar jiki da sarrafa abinci, abubuwan da mai zaman cunkoso ke bukata.

Akwai wani abin ban sha'awa da salsalar ta tono a gefe. Kifaye da yawa an rasa ubansu, wasu ma har da uwa, cikin duk waɗanda suka wuce madatsar. Da aka bincika sai aka gane cewa wasu 'yan'uwan sitilhed ne da ba su zuwa teku, ƙanana ne, suna zaune a sama duk rayuwarsu, in manya sun shagala da faɗa sai su saɗaɗa su ba da nasu maniyyin. An ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na gadon sitilhed na kogin Hood daga waɗannan mazauna gida ya fito, kuma kusan dukansu 'yan kogi ne. Su ne suka riƙa tsarma jinin kwami ba wanda ya sani.

Kogi ɗaya ba ya zama hujja a kan duniya. Don haka a 2014 Christie da Blouin da Michael Ford suka tattara alkaluma 51 daga bincike shida a kan irin kifi huɗu, suka ga a jimlace ɗan kwami, ko da iyayensa na kusa 'yan kogi ne, kimanin rabin abin da ɗan kogi ke bari yake bari, maza kuma sun fi mata kasawa. A 2023 wasu masana biyu, William Jaeger da Mark Scheuerell, suka lissafa cewa an kashe fiye da dala biliyan 9 cikin shekara 40 wajen farfaɗo da kifin Kolumbiya, amma ba su ga shaidar cewa 'yan kogi sun ƙaru ba.

Wanda ya ji wannan zai ce, to, a rufe gidajen ƙyanƙyasar mana. Kafin ya yanke hukunci ya kamata ya ƙara tafiya gabas, ya wuce garin The Dalles, ya tsaya a Celilo. Yau ruwa ne shimfiɗe shiru kamar tabki. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani gagarumin mafaɗar ruwa inda 'yan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna kamun kifi daga kan dakalan katako, wurin kuma ya zama babbar kasuwar ƙabilu. Ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya haɗiye wurin mutanensa suna tsaye suna kallo. Ƙabilun Yakama da Umatilla da Warm Springs da Nez Perce sun ba da ƙasarsu a yarjejeniyoyin 1855 bisa sharaɗin ba za a hana su kamun kifi a wuraren da suka saba ba. Madatsu sun cinye kifin, ɗan kwami shi ne abin da ya rage na cika wannan alkawari. A ce musu a rufe kwami alhali madatsun suna tsaye, ai an yi musu sata sau biyu ke nan.

Su ma kuwa suna da tasu hujja ta kimiyya. A rafin Johnson da ke Jihar Idaho, ƙabilar Nez Perce ta fara wani shiri a 1998 inda ba a ɗaukar iyaye sai 'yan kogi zalla, ba a taɓa maimaita ɗan kwami a roba. Binciken da Maureen Hess da abokan aikinta suka buga a 2012 ya nuna kifin da aka kai kwami ya samar da manyan 'ya'ya kusan ninki biyar na wanda aka bari a rafi, kuma 'yan kogin da suka haihu da 'yan kwami ba a ga haihuwarsu ta ragu ba. Har ila yau akwai labarin tabkin Redfish, shi ma a Idaho, mil 900 daga teku, inda a 1992 kifi ɗaya tal na wani irin jan salmon ya komo, namiji. An daskarar da maniyyinsa aka adana, kuma da kiwon kwami aka riƙe irin bai ƙare ba. A irin wannan hali babu mai tambayar kashi nawa cikin ɗari.

Gaskiyar magana, sakamakon Hood da na Johnson ba su ƙaryata juna ba. Na Hood ya nuna cewa yawan zaman iri a kwami shi ne yawan lalacewarsa a kogi, a Johnson kuwa ba a bar irin ya daɗe a kwami ba. Shi ya sa kwamitin masana da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2000 ya ba da shawarar cewa a kogunan da ake son kare irinsu, kada 'yan kwamin da aka ware daga jinin kogi su wuce kashi 5 cikin 100 na masu saka ƙwai, waɗanda ake sabunta jininsu da 'yan kogi kuwa kada su kai kashi 30. A wurare da dama doka ta ce mai ƙugiya ya ɗauki marar fiffike ya tafi da shi gida, mai fiffike kuwa ya mayar da shi ruwa. Sitilhed na kogin Hood yana cikin waɗanda aka sa a jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 1998.

Ita kuwa Powerdale kwananta ya ƙare. A watan Nuwamba 2006 ruwan sama mai yawa ya kwaso laka da duwatsu daga Dutsen Hood, ambaliya ta karya katon bututun da ke kai ruwa injin lantarki, aikin wuta ya tsaya. A 2010 aka rushe madatsar, shekara guda bayan haka kuma aka fasa ta Condit da ke kan kogin White Salmon, a ɗaya gaɓar Kolumbiya daura da garin. A 2013 aka miƙa filayen da ke gefen kogin ga gundumar Hood River da wata ƙungiyar kare ƙasa, jama'a suka samu wurin yawon shan iska da jefa ƙugiya. Inda tarkon yake, ruwa ne ke gudu a kan tsakuwa. Kifin da ya fito daga teku yana wucewa sama kai tsaye, mai fiffike da marar fiffike, babu mai ɗaga shi ya auna, littafin salsalar kuwa ya tsaya a kan waɗanda suka wuce kafin rushewar.